Itacen da Baba Firmin Ya Sare Kafin Zaɓe

A Peyrolac, wani ƙaramin garin Faransawa, in ka ci zaɓen kansila ba a yi maka kiɗa. Itace ake kafa maka a ƙofar gida. A shiga daji a saro dogo miƙaƙƙe, irin mai ganye kamar allura, a ɓare masa ɓawo tas, a bar masa ɗan tuntu a ka, a ɗaura tutoci da allo mai rubutun "Girma ga zaɓaɓɓenmu", sannan gari ya taru a ɗaga shi da igiya da tsani. Kai kuma ka ciyar da kowa, har da wanda bai zaɓe ka ba. Itacen Mayu muke ce masa, don a watan ake kafa shi, bayan hankula sun kwanta daga zaɓen Maris. Na haura shekara ashirin a garin nan ina bi gida-gida ina yi wa tsofaffi allura da wankin miki, kuma tun kafin in zo mutum ɗaya ne ke saro itatuwan nan, Firmin Soularue.

Baba Firmin gajere ne mai faɗin kafaɗa. Yatsu biyu na hannunsa na hagu ya bar su a injin tsaga katako tun yana saurayi, in an tambaye shi sai ya ce injin ya fi shi bukatarsu. A gidan da aka haife shi yake har yau, can saman tudu inda kwalta ta ƙare. Ya yi aiki a gidan katako har aka rufe shi, ya koma kan 'yan shanunsa da dajin da ya gada. Bai taɓa tsayawa takara ba. Duk magajin garin da ya hau sai ya roƙe shi ya shigo, amsarsa kullum ɗaya ce: "In na ci, wa zai sare nawa?"

Jinyar matarsa Jeanine ce ta haɗa mu. Har ta rasu ban taɓa jin ya ce na gode ba, amma duk ranar da na fito sai in tarar da ƙwai ko dankali a kujerar motata. Taurin kai kuwa ba a magana. Maganin hawan jini sai ya ga dama yake sha, amma watan sama kam bai taɓa saɓa masa ba. Ba ya shuka, ba ya aski, ba ya sare itacen kirki sai ya duba ko wata yana girma ko yana raguwa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce da zai ba ƙwayoyin nan rabin girman da yake ba wata da ni ma na huta. Sai ya dube ni ya ce, "Habsu, wata bai taɓa sa ni jiri ba."

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Muriel. Ta bar gari tana budurwa, kamar yadda yawancin yaranmu ke yi, ta yi aikin ofis a Bordeaux, ta yi aure, auren ya mutu. Da kakar da ta gabaci zaɓen da nake ba ku labari sai ga ta da akwatuna. Ta ɗauki dogon hutu a wurin aiki, ta share ɗakin sama, ta sa labule. Uban ko sannu da zuwa bai ce mata ba, amma ya gyara matakalar da ta yi shekaru tana ƙara, ya kuma fara shan maganinsa ba tare da na buɗe baki ba. Magajin gari yana neman wanda ya iya aikin takarda, sai ya sa sunanta cikin 'yan takararsa.

Wata rana a kicin ɗinsu ta ce mini, "Habsu, ni fa ba zan zauna inda ake kallona kamar baƙuwa ba. Ofis suna jiran amsata kafin bazara. In garin nan ya karɓe ni, na zauna, in nemi aiki nan kusa. In bai karɓe ni ba, ɗakina na Bordeaux yana nan, ban sake shi ba."

Uban yana bakin murhu yana feren dankali. Bai ɗago ba, amma ya ji.

A lokacin, a ƙananan garuruwa irin namu, takardar zaɓe tana zuwa da sunaye a jere, kai kuma in ka shiga bayan labule kana da ikon soke wanda ba ka so da biro, ka rubuta wani. Mutanen magajin gari sun cika kujerun cif. Sai wani mai kiwon shanu, Thierry Vialle, ya tsaya shi kaɗai don haushin an ƙi gyara hanyar gonarsa. Ke nan dole mutum ɗaya ya faɗi. Kowa ya ɗauka Thierry ne, har shi kansa.

Ana cikin haka yayana ya sauka daga Tasawa, garinmu na haihuwa. Yaya Lawali shugaban makarantar firamare ne da ya yi ritaya, ya zo a yi masa aikin ido, ya kuma ɗan huta a wurina. Mutum ne da bai san shiru ba. Faransancinsa irin na littafi ne, ya fi na 'yan garin tsabta, kuma ya san haka. Kwana kaɗan da zuwansa ya dawo daga yawo, ya tuɓe rigar sanyin da na ara masa, ya zauna yana kallona.

"Habsu, wai kin ce zaɓe za a yi?"

"Ya kusa ma."

"A garin nan? Tun safe nake zagawa. Ba ganga, ba lasifika, ba atamfa mai hoton kowa. Allo kawai na gani gaban ofishin magajin gari, da takarda ɗaya ruwa ya jiƙa ta. Ko dai rasuwa aka yi kuke ɓoye mini?"

"Haka muke yi, Yaya."

"Muke? To, sannu Bafaranshiya."

Nan da nan ya gano shagon Arlette, inda muke sayen burodi da jarida, inda kuma maza ke tsayawa shan kofi. Kullum sai ya dawo da rahoto. Ya tambayi wani wa zai zaɓa, mutumin ya ce masa bana sanyi ya daɗe. Ya tambayi na biyu, ya ce kwandunan shara ne matsalar garin nan. Ya ga magajin gari da Thierry sun gaisa, har ɗaya ya riƙe wa ɗaya ƙofa. Daga nan Yaya ya yanke hukunci.

"Mutanen nan ba su san ƙiyayya ba. Zuciyarsu kamar madara."

Dariya ta kusa shaƙe ni. Ni da nake shiga har ɗakin kwanansu, na san gidan da ba ya magana da wani gida tun zamanin kakanni a kan dutsen iyakar gona, na san wadda ba ta yafe wa ƙanwarta kwanukan uwarsu ba. Na ce, "Yaya, a nan ba a tambaya, ba a kuma faɗa. Ka sha kofinka ka yi maganar ruwan sama."

"An ji, Hajiya likita," in ji shi. Bai ji ba.

Likita ya ce ya riƙa tafiya, shi ya sa kowace safiya yake hawa tudu har inda kwalta ta ƙare. Can ya tarar da Baba Firmin yana faskare. Yadda aka yi suka shaƙu ban sani ba, sai dai ɗaya yana da bakin mutum biyu, ɗaya kuma kunnen mutum biyu. Da Yaya ya ce babanmu ma ba ya sare azara sai a duhun wata, don kada gara ta ci, shi ke nan Baba Firmin ya samu ɗan'uwa.

Wata ranar Asabar Baba Firmin ya ajiye gatari ya ce wa Yaya ya biyo shi. Daga baya Yaya ya ba ni labarin. Suka nutsa cikin daji har wani kwari da ba a gani daga hanya. Baba Firmin ya janye rassan da ya yi rufi da su, sai ga itace kwance a kan gungume, an ɓare shi fari sol, miƙe kamar an ja zare.

Ya ce, "Shekara da shekaru nake sassabe masa rassa don ya miƙe. Sauran sai an ci zaɓe nake saro su. A lokacin ruwa ya riga ya hau jikinsu, kafin a je ko'ina sun yi baƙi sun karkace. Wa'adin kansila kuwa shekara shida ne. Wannan a duhun watan da ya wuce na sare shi, tun ruwa bai hau ba. Tuntun kai kuwa, ranar kafawa sai in ɗaura masa ɗanye. Zai kai ta har ƙarshe."

"Wa zai kai?" in ji Yaya.

"Ina da wata 'yar ne bayan ita?"

Abin da mutum ba zai faɗa wa maƙwabcinsa na shekara hamsin ba sai ya faɗa wa baƙo, don baƙo raɓa ne. Bai ce masa ya riƙe bakinsa ba. A wurin Baba Firmin wannan ba abin da ake faɗa ba ne, kamar ka ce wa babba kada ya sa hannu a wuta.

Ina shagon Arlette a lokacin, na tsaya shan kofi kafin in wuce gidan mara lafiya na gaba. Safiyar Asabar ce, wurin cike. Sai ga Yaya ya turo ƙofa, fuskarsa tana walƙiya.

"A'a, Malam, yau kuma daga wace gona?" in ji Arlette. "Dubi takalmanka. Ni ka mayar baiwarka mai goge ƙasa?"

"Daga gidan nasara nake, Madam Arlette." Ya juya ya fuskanci mutane kamar yana gaban aji. "Jama'a, tun da na zo nake neman mutum ɗaya da ya yarda da ɗan takararsa a garin nan, yau na samu. Baba Firmin ya riga ya sare itacen Muriel. Da idona na gani, da wannan mai lafiyar. Ban taɓa ganin itace miƙaƙƙe irinsa ba. Haka maza ke yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zaɓi yarinyar nan, itacenta yana jira."

Ana jin ƙarar cokali a kofi. Wani tsohon mafarauci da ke jingine da kanta ya ninke jaridarsa a hankali.

"Ya sare, ka ce?"

"Ya sare, ya ɓare."

"To madalla. Ashe har an gama zaɓen. Arlette, ranar Lahadin zaɓe sai mu sha barcinmu, an hutar da mu."

"Ni dai ban san an ƙirga tawa ba," in ji Arlette, tana goge kofin da ya riga ya bushe.

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Na taka wa Yaya ƙafa. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Me na yi?" Na ce, "Ka gama yi. Mu je."

A mota na sauke masa kwandon faɗa, yayana ne ko ba yayana ba. Na ce mutanen nan za su tuɓe rigar jikinsu su ba ka, za su fito da tarakta cikin ƙanƙara su ja motarka daga rami, amma kada ka kuskura ka nuna ka san abin da za su yi a bayan labule. Gwamnati ta rufe musu gidan waya, ta rufe aji ɗaya a makaranta, ba wanda ya nemi shawararsu. Biron nan ne kaɗai abin da ya rage a hannunsu. Wanda ya nuna ya riga ya san inda biron zai bi, to kansa zai bi.

"Amma ai yabo na yi."

"Garin gyaran gira ka tsone ido, Yaya."

Ya yi shiru har gida, abin da ban taɓa gani ba.

Ba wanda ya ce wa Muriel komai. Gaisuwa ma sai ta ƙaru. In ta sayi burodi Arlette sai ta ɗora mata ɗan kek a kai, ta ce na Baba ne. Wannan ne ya fi tsorata ni. A gidaje kuwa, ina ɗaure hannu ina neman jijiya, maganar tana fitowa a kaikaice. "Habsu, an ce itacen da tsawo." "'Yar Bordeaux ta dawo da shirinta, har da tuta." Wata tsohuwa da ta yi ƙawance da Jeanine tun suna 'yan mata ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinyar ba ta da laifi, a gabana ta girma. Amma Firmin ya yi azarɓaɓi. Mu tumakinsa ne da zai san ta ƙofar da za mu fita?" Na ce mata tsoho ne kawai da ke son 'yarsa ta zauna. Ta ce ta sani, ta kuma tambaye ni ko gobe za a yi ruwa.

A bakin magajin gari Muriel ta ji. Ina gwada jinin uban ta shigo, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Baba, da gaske ne?"

"An sare."

"Ka fi ni sanin mutanen nan. Ba kai ka ba ni labarin yadda suka kayar da likitan dabbobi don ya ɗinka sabuwar kwat kafin zaɓe ba?"

"In na jira, ruwa ya hau."

"Ana maganar zamana a garin nan, kai kana maganar ruwan itace?"

"Ai maganar ɗaya ce," in ji shi.

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta hau sama. Matakalar ko ƙara ba ta yi ba, ya gyara ta da kyau. Jininsa a ranar ban ma rubuta ba, na ce zan dawo gobe.

Ranar Lahadin zaɓe kowa ya sa kayansa na fita. Aka gaisa a ƙofar ofishin magajin gari, aka tambayi gwiwa da baya da jikoki. Yaya ba shi da ƙuri'a, sai ya tsaya daga waje yana leƙe. Da na fito ya tare ni.

"Me suke yi a bayan labulen nan haka? Mutum ya shiga kamar ya tafi wanka."

"Rubutu suke yi."

"Rubutun me? Ba sunayen suna nan a buge ba?"

Ni da na shiga na ninke takardata yadda take, ban soke kowa ba. Amma ta cikin labule ina jin biron na kusa da ni yana kai da komo.

Da yamma aka buɗe akwati, ɗakin ya cika har ƙofa. A wurinmu a fili ake karanta kowace takarda. Mai karatu ya riƙa jero sunaye, in ya zo kan na Muriel sai ya ɗan tsaya ya tsallake. Ya tsallake, ya sake tsallakewa. Wata takardar har ta huje don tsabar danna biro. Muriel tana tsaye a jikin bango, hannu a harɗe. Uban bai shigo ba, yana waje a kan benci da hularsa a gwiwa. Da aka gama, Thierry ya shiga, Muriel ta faɗi, kuma ba da tazara mai yawa ba. Thierry ya yi ja har kunne, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sai layi ya tashi. Ɗaya bayan ɗaya suna zuwa suna sumbatar kumatunta. "Kash, 'yar nan, ban san yadda aka yi ba." "Mutane ba su da kirki." "Wani karon, kin ji?" Har da tsohon mafaraucin.

Yaya ya raɗa mini, "Duk waɗannan suna ba ta haƙuri. To su wa suka soke ta?"

"Su."

Ya daɗe yana kallonsu. "A wurinmu wanda ba ya yinka zai zage ka a tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Ka san shi, ya san ka, gobe ku haɗu wurin suna ku ci a kwano ɗaya. Na ce zuciyarsu madara, Habsu. Na janye."

Na ji haushinsu a ranar, kuma har yau in na tuna ina ji. Amma washegari su ɗin ne na je na wanke wa ƙafa, su ne kuma suka sa mini miya a kwalba na kawo gida.

Da safe Yaya ya ɗora babbar rigarsa a kan rigar sanyi, ya ce in kai shi tudu. Muka tarar da Baba Firmin yana ba shanu ciyawa. Yaya ya tsaya a gabansa, ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da ya fasa tagar aji.

"Baba Firmin, na zo ba da haƙuri. Bakina ne ya jawo wannan."

"Kai ka faɗa, ni na sare. Da ban sare ba, me za ka faɗa? Shigo, akwai kofi."

Muna cikin shan kofin Thierry ya iso, yana murza hula a hannu. Ya ƙi zama.

"Baba Firmin, maganar nawa itacen, kada ka wahalar da kanka. Zan samo a dajin surukina."

"Ka taɓa ganin an kafa itace a garin nan ba nawa ba?"

"Ban taɓa ba, amma dai..."

"To akwai sararre. Itace in an sare shi ba ya komawa."

Thierry ya dubi matakala, don Muriel tana tsaye a kai. Ta ce, "Ka karɓa, Thierry. Ni ma ba na son in bar shi kwance a daji." Daga kalmar "bari" ɗin nan muka gane ta riga ta ba ofis amsa, tafiya za ta yi. Uban ya tashi ya ƙara itace a murhun da ba ya bukata.

Watan Mayu ya zo, Baba Firmin ya saro na sauran kansiloli kamar kullum, aka riƙa kafa su Asabar bayan Asabar. Na Thierry ne na ƙarshe. Tarakta ta jawo shi daga kwari, da ƙyar ya sha kwanar coci don tsawo. Gidan Thierry yana daidai inda hanyar tudu ta haɗu da ta gari, nan aka haƙa ramin. Aka ɗaura ɗanyen tuntu, da tutoci, da allo.

Ban zaci Muriel za ta zo ba, sai ga ta da takalman gona. Ta ratsa mutanen da suka soke ta, ta kama igiya a gaba. Yaya, da sabon idonsa, ya kama a bayanta. Baba Firmin ya tsaya a gindin ramin, shi da ba ya haɗa kalma biyar a yini, muryarsa ta cika wurin.

"Masu tsani, ku shiga ƙarƙashi. Ɗaga. Tsaya nan. Igiyar hagu, ku saki kaɗan, ba saniya kuke ja ba. Malam, da hannu ake ja, ba da baki ba. Ɗaga."

Aka yi dariya, har da Yaya. Itacen ya riƙa tashi a hankali, yana rawa, har gindinsa ya faɗa rami da wata ƙara da na ji a tafin ƙafata. Aka cika da duwatsu aka daddanna. Mafarauta suka harba bindiga sama. Sannan kowa ya ja baya ya ɗaga kai. Ya wuce rufin gidan, ya wuce wayar lantarki, fari tas, ba ko ɗan lanƙwasa.

"Firmin, ba a taɓa kafa irinsa a garin nan ba," in ji Arlette.

"Na sani," in ji shi.

Muriel ta zauna aka ci abinci da ita. Ta ci naman, ta ci cuku, ta ɗaga kofi da aka yi wa Thierry fatan alheri, don kada wani ya ce fushi ya kore ta. Ranar Litinin ta sa akwatunanta a mota. Labulen ta bar shi a tagar. Yaya ma bai daɗe ba ya koma Tasawa, da kwalbar zumar da Baba Firmin ya ajiye masa a kujerar motata.

Yanzu wa'adin ya kusa cika. Sauran itatuwan duk sun yi baƙi. Na gidan magajin gari ya karkace har an tokare shi da ƙarfe, wani kuma iska ta kayar da shi a kan akurkin kaji. Na Thierry yana nan yadda aka kafa shi, tutocin ne kawai suka koɗe. Ko wata ne, ko ba wata ba ne, ni ban sani ba. Thierry ya samu an gyara hanyar gonarsa, kuma ba laifi, yana zuwa taro. Muriel tana zuwa hutun ƙarshen shekara ta kwana biyu ta koma. Duk ranar da Yaya ya kira ni, bayan ya tambayi yara sai ya ce, "Itacen fa?" In ce yana nan.

Baba Firmin ya koma wasa da maganinsa, mun koma faɗanmu. Gwiwa ta hana shi shiga daji, ya ce na zaɓe mai zuwa sai dai ya nuna da sanda wani ya sare. Hanya ɗaya ce daga gidansa zuwa shagon Arlette, kuma ta gindin itacen ta bi. Kwanan baya na gama duba shi da safe ya ce in rage masa hanya zai sayi burodi. Da muka zo kwanar ya ce in tsaya. Ya fita da ƙyar, ya dogara sandarsa har gindin itacen, ya ƙwanƙwasa shi da hannun nan mai yatsu uku, ya kara kunne, kamar yadda nake yi wa ƙirjinsa. Ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har sama. Sannan ya dawo ya zauna, ya ja ƙofa.

"Lafiyarsa lau. Ko alamar ruɓa babu."

Na ce to. Na sa hannu zan tayar da mota, sai ya sake magana, idonsa a kan hanya.

"Da an ba Muriel kujerar, Habsu, ai da itacen nan bai kunyata ta ba."